Nauyin Rigar Dalma

Jama'ar shafin nan, sallama a gare ku. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce ko dai an ɗaura auren ne na manta da ku. 'Yar'uwa, ina ma. Gajiya ce kawai, irin wadda in na dawo gida ko jaka ba na iya ratayewa, sai dai in yar da ita a ƙasa in bi ta.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni likitar hoto ce a wani babban asibiti, shekarata talatin da ɗaya, ni ce auta a gidanmu. Akwai mai nemana da aure, mai zanen gine-gine ne, kowa Dogo yake ce masa, har mahaifiyarsa. Shekararmu biyu tare. Abin da zan ba ku yau, ranar wata Alhamis ya faru.

Na tashi da safe kafaɗuna kamar an kwana ana dukana. Ina zaune a bakin gado ina shafa man zafi Umma ta turo ƙofa da kofin shayi a hannu. Ba ta miƙo min ba. In Umma ta riƙe kofi ba ta miƙo ba, to akwai magana a bakinta.

"Auta, wai yaushe mutanen nan za su zo? Jiya Abbanku ya tambaye ni, na rasa abin da zan ce masa. Sau biyu ke nan ana sa lokaci ana ɗagawa."

"Umma, ai ya ce kawunsa ne ya yi tafiya."

"Kawun nan tun watan jiya yake tafiya. A ƙafa ya tafi?"

Na yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Ta ajiye kofin a kan durowa, ta dubi doguwar riga ruwan toka da na fitar, da mayafi ruwan ƙasa, da takalmina mara tudu wanda bayansa ya fara cinyewa.

"Kullum kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Ki riƙa sa kaya masu haske mana."

"Umma, hasken wurin aiki ma ya ishe ni."

Ba ta gane ba, ni kuma ban yi mata bayani ba. Gaskiyar da na ɓoye mata wata guda ke nan ita ce, babu kawun da ya yi tafiya. Matsalar daga aikina take.

Bari in yi muku bayani a taƙaice. A sashenmu akwai wani ɗaki da muke ce wa ɗakin fuloro. Hoton ƙashi da kuka sani, ana ɗauka ne sau ɗaya a fita. Shi wannan hoto ne mai motsi: mara lafiya na kwance, likita na tsaye a gefensa, ka taka feda da ƙafa, ka ga cikin jikin mutum yana motsi a allo. Hasken da ke yin wannan aiki ido ba ya ganinsa, kuma yawansa ba alheri ba ne, shi ya sa muke sa rigar dalma tun daga wuya har gwiwa, mu maƙala wani ɗan bajo a ƙirji mai auna abin da ya taɓa mu. Rigar da nake sawa ta kai kilo bakwai. Da safe kilo bakwai ce. Zuwa la'asar sai ka rantse buhun siminti ka goya.

Mu uku ne muke raba aikin ɗakin. Ni, da wani abokin aikinmu da muka laƙaba wa Sarkin Uzuri, sai uwar ɗakina, babbar likitar da ta koya min riƙe komai a sashen nan, wadda nake kira Anti. Mako bakwai da suka wuce Anti ta rubuta wa shugaban sashe takarda cewa tana da ciki. Jami'in da ke auna mana haske ya zo ya ce babu laifi ta ci gaba da aiki, ya ba ta bajo na biyu da za ta riƙa sawa a ƙugu ta cikin riga, a riƙa dubawa duk wata. Amma Oga, shugaban sashen, ya ce shi ba zai ɗauki alhakin kowa ba. Ya ɗauke ta daga ɗakin. Aka ce ranakunta a raba tsakanina da Sarkin Uzuri. Kun dai ji sunansa, ba sai na faɗa muku yadda rabon ya kasance ba.

Haka na fara karya wa Dogo alƙawari. Yau aiki, gobe bayana, jibi barci ya kwashe ni da waya a hannu. Da aka tambaye shi a gidansu me ya sa ba a ganina, bawan Allah sai ya kare ni da gaskiya. Ya ce abokiyar aikina ce ke da ciki aka cire ta daga ɗakin hoto, aikin ya dawo kaina. Yayarsa, babbar 'yar gidan, tana zaune. Sai ta ce, "Au, ɗakin da ake cire mai ciki shi take yini a ciki? Ai dama an ce matan da ke aikin nan ba sa haihuwa." Hajiyarsu ta ji. Daga ranar kawu ya kama tafiya.

Ina ɗaura mayafi wayata ta yi ƙara.

"Barka da safiya, Likitata. Ƙarfe biyar zan zo in ɗauke ki. Akwai magana. Don Allah kar ki ce aiki."

Na rubuta, "Maganar me?" na goge. Na rubuta, "Na san maganar," na goge. Ƙarshe na tura masa, "Allah ya kai mu." Na jefa ɗan kunne da kwalli da ƙaramar kwalbar turare a jaka, ko ba komai kar ya same ni ina warin safar hannu.

Ina shiga sashe Sista, nas ɗin da ke tsaya min a ɗakin, ta tare ni da takardar jerin marasa lafiya.

"Mutum goma sha huɗu, Likita. Kuma mutuminki Sarkin Uzuri ya bugo, wai motarsa ta mutu a hanya."

"Motar nan sau uku ke nan tana mutuwa a watan nan. A yi mata sutura mana kowa ya huta."

Na shige ɗakin canza kaya, na sa shuɗin kayan aiki, na cusa gashina cikin hula. Hanyar ɗakin fuloro ta gaban ɗakin karatu take bi, wani ɗaki mai duhu da sanyin na'ura inda muke zama mu karanta hotuna a kwamfuta. Can aka ajiye Anti. Ƙofar a buɗe take, na hango ta a kujera mai juyawa, ta ɗora ƙafafu a kan kwali, cikin ya fara tura rigarta.

"Ƙanwata, an shigo? Zo ga biskit."

"Na ƙoshi, Anti. Mutane na jira."

Na wuce ban ko tsaya ba.

To a nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ku yi min hukuncin da kuka ga dama. Na tsani ganinta a kujerar nan. Matar da ta riƙe hannuna ranar da na fara taka feda, matar da ta tsaya min lokacin da na yi kuskuren da ya isa a kore ni, ita nake jin haushi don Allah ya ba ta ciki. In na ji dariyarta daga ɗakin sanyi ni kuma gumi na bin bayana a cikin dalma, sai raina ya ɓaci. Ina cewa a raina, ke kin yi aure, kin haifi biyu, ga na uku, kina shan sanyi. Ni cikinki ne zai hana ni nawa auren. Sai in yi istigfari. Sai gobe in sake.

Na yi takwas a jere. Wani tsoho da abinci ke maƙale masa a maƙogwaro, wanda sai da na roƙe shi sau biyar kafin ya haɗiye farin ruwan da muke bayarwa. Wata mata da ta yi ta tambaya ko injin zai faɗo mata. Zuwa sha biyu da rabi ƙafata ta dama ta fara rawa a kan feda. Na jingina da bango, Sista ta miƙo min katin mai lamba tara.

"Hoton mahaifa ne. Ta riga ta canza kaya."

Wannan hoto ana yi wa matar da ta daɗe ba ta samu ciki ba. A zuba wani ruwa a mahaifa, a duba a allo ko hanyoyin ƙwai biyu a buɗe suke. Na dubi katin. Na sake duba sunan, da sunan mahaifi. Na ce a raina suna ai yana kama da suna. Na tura ƙofa.

Yayar Dogo ce zaune a bakin gadon, cikin rigar asibiti mai igiya ta baya, ta lulluɓe kanta da ƙaton mayafinta, ta rungume jakarta a ciki.

Kafin wani ya ce na tona asirin mara lafiya: ita da bakinta ta ba ni izinin rubuta wannan daga baya, bisa sharaɗin ba suna. A ranar dai babu wani izini, babu komai sai ni da ita da ƙarar injin.

Sau biyu kawai na taɓa ganinta, duka a falon Hajiyarsu, cikin leshi da gwala-gwalai, tana dubana daga sama har ƙasa kamar mai tayin kaya. Na san shekararta takwas da aure babu haihuwa, amma a gidan ana cewa wai ita da mijin ne suka zaɓi jinkiri. Na sauke takunkumin fuskata. Ta miƙe zumbur, jakar ta faɗi.

"Ke? Ai Dogo ya ce ba kya aiki ranar Alhamis."

"Da can ne, Yaya. Ina wuni."

"Ni babbar likita aka turo ni wurinta. Mace, mai tabarau."

"Ita ce aka cire daga ɗakin. Ni ce a madadinta."

Na ga maganar ta shige ta. Ta sunkuya ta ɗauki jakar, ta fara neman takalminta da ƙafa.

"Zan dawo wani lokaci."

Ba zan yi muku ƙarya ba, wani ɓangare na zuciyata ya ce bar ta ta tafi. Amma na ga kwanan watan da ke katin. Hoton nan yana da kwanakinsa, bayan mace ta yi wanka da 'yan kwanaki. In ya wuce sai wani watan. Kuma injinmu ne kaɗai ke aiki a garin.

"Yaya, in kika tafi sai wata mai zuwa, kuma watan ma ni za ki tarar. Abin da ya faru a ɗakin nan a nan yake mutuwa. Ko ƙanenki ba zai ji daga bakina ba. Amma in ba ki yarda da ni ba, haƙƙinki ne. Zauna in ga ko akwai yadda za a yi."

Na fita da rigar dalmar a jikina, ban san ma inda zan nufa ba. Sarkin Uzuri yana can yana jinyar mota, kuma ko yana nan ba za ta yarda da namiji ba. Ƙafata ce ta kai ni ƙofar ɗakin karatu. Karon farko cikin mako bakwai na shiga na rufe ƙofa.

"Anti, akwai wadda ba za ta yarda in yi mata ba. 'Yar'uwar wanda zan aura ce."

Ta cire tabarau ta dube ni. Ban san me ta gani a fuskata ba, sai ta jawo min kujera da ƙafa.

"Zauna. Yaushe rabonki da ki zauna?"

Ina zama sai hawaye. Ba kukan Yaya ba ne, ba na Dogo ba ne, kukan kafaɗa ne kawai. Cikin minti biyu na zazzage mata komai, har maganar matan da ba sa haihuwa. Abu ɗaya kawai na rage, haushinta da nake ji. Ashe ba sai na faɗa ba.

"Na san kina jin haushina," in ji ta. "Ko ni ce zan ji. Kin zaci daɗi nake ji a nan? Cikina na fari da na biyu ban gaya wa kowa ba. A ɗakin nan na yi su, ina ɗaure ciki da riga, ina amai a banɗaki ina wanke fuska, don na san in na faɗa an gama da ni. Wannan karon na ce bari in bi ƙa'ida, ko na bayana su ji daɗin faɗa. Kin ga sakamakon. An cire ni daga ɗaki, an cire sunana daga kwas ɗin da na yi shekara uku ina jira, ƙanwata kuma ta daina cin biskit ɗina."

Ta jawo durowa ta fito da bajo na biyu, yana nan cikin ledarsa ko buɗewa ba a yi ba.

"Anti, Oga fa?"

"Takardarsa cewa ta yi an ɗauke min aikin. Ba ta ce an haramta min ba. Ni kuma yau na ɗauko abina. Muje."

Sista ta zaro ido da ta gan mu, sannan ta sauko da riga mai zagaye jiki gaba da baya daga marataya. Anti ta maƙala ɗan bajon a ƙugu, a kan cikin, ta sa siket ɗin dalma a kai, ta sa ta sama, ta ɗaura na wuya. Igiyar ƙugun sai da aka sassauta ta har ƙarshe. Duk a gaban Yaya aka yi, tana zaune tana kallo baki buɗe.

"Likita, da cikin za ki tsaya a nan?"

"Da shi. Yayyensa biyu ma a nan suka yi wayo, yanzu haka suna makaranta suna cinye min albashi. Wannan riga da wannan ɗan abu da tsayawa inda ya kamata, su ne aikin. Kwanta, 'yar'uwa. Yau kwana nawa da fara al'adarki?"

"Tara."

"Daidai ke nan."

Na juya zan fita. Ina kama hannun ƙofa na ji muryarta, ƙasa-ƙasa.

"Ke... tsaya. Ai kin riga kin gani."

Na dawo na tsaya ta wajen kanta. Lokacin da ruwan ya fara shiga, mararta ta murɗa, ta cafki wuyan hannuna da ƙarfin da har yau akwai shaidar farcenta. Anti na taka feda kaɗan-kaɗan, ta taka ta ɗaga, ta taka ta ɗaga, yadda ta koya min tun farko: kada ƙafarki ta yi nauyi a kan hasken da ba kya buƙata. A allo muka ga mahaifar ta cika, sai wani siririn zare ya tafi dama, wani ya tafi hagu, dukkansu suka kai ƙarshe suka zube.

"Alhamdulillahi," in ji Anti. "Hanyoyinki biyu a buɗe suke tas."

Yaya ta juyo da kai ta dubi allon. Sannan ta ce, "A buɗe?"

"A buɗe. Ki sani fa, hoton nan hanya kawai yake nunawa, akwai sauran bincike, kuma shi ma maigidan ya kamata a duba shi. Amma ta nan babu abin da ya toshe."

"Shekara takwas," ta ce, tana kallon silin. "Shekara takwas ana ce min ni ce."

Ba ta yi kuka mai sauti ba. Hawayen ne kawai ke gangarawa cikin kunnenta, ni kuma ina tsaye da hannuna a cikin nata, ban san ko in janye ba.

Bayan ta sa kayanta, ta same ni a ɗan lungun da muke wanke hannu. Ta dawo da leshinta da gwal ɗinta, amma idon ya kumbura.

"Kin san abin da na faɗa a kanki."

"Na sani."

"Ranar nan Hajiya ta fara min maganar nan ce a gaban baƙi, wai 'yar wance da aka yi wa aure bara ta haihu. Na rasa inda zan sa kaina. Sai ƙanena ya kawo zancenki, na samu inda zan jefa su. Ni ban san komai a kan aikinku ba. So nake kawai su sake ni na yini ɗaya."

Ban ce na yafe ba. Ban ce ban yafe ba. Na ce mata ta sha maganin ciwo in marar ta dame ta, kuma in ta ga zazzaɓi ta dawo. Ta gyaɗa kai ta tafi.

Saura mutum biyar. Anti ta ce biyu nata, uku nawa, ba ta kuma saurari gardamata ba. Ƙarfe uku sakataren Oga ya leƙo ya ce ana nemanta a ofis gobe da safe, ta zo da bayani a rubuce. Ta ce masa, "To, a gaishe shi." Na bi bayansa da kallo. Ita kuwa ta zauna ta buɗe biskit ɗin nan ta miƙo min. Na ci huɗu.

Biyar saura na cire rigar dalma na rataye. Na wanke fuska, na zizara kwalli, na sa ɗan kunnen, na fesa turaren. A madubin banɗaki na ga shatin hula a goshina da shatin takunkumi a kan hancina, na ja mayafi na rufe wanda zai rufu.

Motarsa na ƙarƙashin bishiyar da ke bakin ƙofar asibiti. Farar riga ce a jikinsa ya naɗe hannu, takardun zane a naɗe a kujerar baya, ga robar ruwa mai sanyi ya saya min kamar kullum. Wannan ne abin da ke kashe min jiki da Dogo: bai taɓa zuwa hannu rabbana ba, bai kuma taɓa ɗaga min murya ba.

"Kin rame, Likitata."

"Na gode da yabo."

Ya yi murmushi, ya murza sitiyari da babban yatsa. Bai tayar da motar ba.

"Na yi magana da Hajiya jiya. Ta sauko. Ta ce manya za su zo ƙarshen watan nan." Ya dube ni. "Abu ɗaya ta roƙa. Ki nemi a canza miki ɗaki. Ba ta ce ki bar aiki ba fa. Ɗakin nan kawai. Ko zuwa haihuwar fari."

"Roƙo ne ko sharaɗi?"

"Kar ki sa shi haka mana."

"Kai ka yarda da maganar? Cewa ba zan haihu ba?"

"Ni ban yarda ba. Na karanta, na ga ba haka ba ne. Amma uwa ce, tsoro take ji. Kuma ke ma kullum kuka kike da ɗakin nan. Na zaci ma za ki ji daɗi."

Na buɗe ruwan na sha, don in samu abin yi da bakina. Ku da kuke karantawa, wataƙila wasunku na cewa, ke ma dai, ga hutu ya zo har gida. Wallahi ni ma na ji hakan. Kafaɗata har wani sanyi ta yi da jin maganar. Amma sai na tuna Anti tana sassauta igiyar siket, da takardar da za ta kai gobe.

"Dogo, na gaji da ɗakin nan fiye da yadda kake zato. Da cewa ka yi, kin gaji, ki nemi hutu, da gobe na kai takarda. Amma in na fita yanzu, na sa hannu ke nan cewa abin da aka faɗa gaskiya ne. In Allah ya jinkirta mana haihuwa shekara ɗaya, ɗakin ne. In ɗa ya yi tari, ɗakin ne. Kuma wa zai tsaya a wurin? Mai ciki ce ta tashi yau ta taya ni, gobe za ta amsa tambaya a kan haka."

"To ni ya kike so in yi? Ina tsakiya. Yaya ce ta kunna wutar nan, ita kuma ba ta janye magana."

Na cije leɓe. Maganar tana nan a kan harshena, kalma biyar da za su kashe wutar nan gaba ɗaya. Na haɗiye ta da ruwa.

Wayarsa ta yi ƙara a jikin mota. Sunan Hajiya ya fito a allon, kuma wayar a haɗe take da lasifikar motar. Ya dube ni, ya danna.

"Hajiya, barka da yamma, ina tare da..."

"Kana ina?" Muryarta ta cika motar. "Yayarka ce ta shigo min ɗazu, ido ya kumbura, tana tafiya tana dafa mara. Ta shige ɗaki ta kulle, ta ƙi magana. Direbanta ya ce daga asibitin yarinyar nan ya ɗauko ta, wai tun safe tana sashensu. Me ta je yi can? Me yarinyar nan ta yi mata?"

"Hajiya, ni ban san..."

"To ka sani. Ka tambaye ta, in kuma tana kusa ka kawo min ita ta faɗa min da bakinta."

Ta kashe. Can gefe masu gadi suna buɗe wa motar asibiti ƙofa. Dogo ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. Idonsa ya sauka a wuyan hannuna, inda shatin farce huɗu ya yi ja.

"Yaya ta zo wurinki yau?"

In na ce e, na karya amanar da na ɗauka da bakina awa huɗu da suka wuce. In na ce a'a, na yi wa mutumin da zan aura ƙarya, kuma direba na nan da ransa. Na ja hannun rigata na rufe shatin.

"Ba ni da abin da zan faɗa maka a kan wanda ya zo ko bai zo asibiti ba. Ka tambaye ta."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da bai taɓa yi min ba. Sannan ya tayar da mota. A mahaɗar titi, hannun dama ne hanyar gidanmu, inda Umma ke jira da tambayarta. Ya kunna sigina ta hagu.

Ban ce ya tsaya ba. Na jingina kaina da gilashi, na fara lissafin yadda zan zauna a gaban Hajiya in yi shiru.